Babi na Shida: Ganye a Tukunya, Ganye a Faranti

Duk wanda ya taso daga Funtua da damina, ya ratsa Dandume, ya shiga ƙasar Sabuwa inda Damari take, masara ce za ta cika masa ido. Gona na bin gona, kore shar har iyakar gani. Amma idan ya sauka daga mota ya bi gefen gonakin da ƙafa tare da tsohuwar da aka haifa a wurin, zai lura cewa ita wani abu daban take kallo. Bishiyoyin da aka bari a tsakiyar gona take dubawa, da ƙananan itatuwan kan iyaka. Ga marke, ga kalgo, ga ɗorawa da kaɗanya, ga maɗaci a bakin rafi, kuma babu wanda ba ta san aikinsa ba.

Ganyen marke ana dafa shi a wanke gyambo da ƙuraje, reshensa kuma asuwaki ne mai ɗaure dasashi. Ɗanyen ganyen kalgo ana dandaƙa shi a ɗaura a sabon yanka, ana kuma dafa shi a sha idan ciki ya ɓaci. Sabara, wadda ta fi yawa idan an nausa arewa wajen Ƙanƙara da Dutsin-Ma, ita ce gaba a maganin ciki: gudawa, atuni, murɗa, har da tari. A cikin gida kuwa akwai gwaiba da zogale da darbejiya, wadda ganyenta ke shiga sirace idan zazzaɓi ya kayar da mutum, ya kuma shiga tukunyar wankan jego. Daga kakarta ta gaji wannan sani, kuma a jikin 'ya'yanta da jikokinta ta ga aikinsa.

A wannan yanki maganar ganye ta wuce sha'awar gargajiya. Duniya ta ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ta kuma ji an datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a Satumbar 2021, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Abin da ba ya shiga labarai shi ne yaron da gudawa ta kama da tsakar dare, hanya ba ta biyuwa sai gari ya waye, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauyen kuma ya daɗe da tattara nasa ya nasa. A irin wannan dare abin da ke hannun uwa shi ne ganye da tukunya. Ta cancanci a gaya mata gaskiya: yana aiki ko ba ya yi, a kan wace cuta, kuma a ina aikinsa ya tsaya.

Ba yau aka fara rubuta wannan ilimi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce da Larabci kan magunguna. Wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Abin da zamaninmu ya ƙaro shi ne ɗakin gwaji. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, babu shekarar da ɗimbin ɗalibai ba sa gwada ganyayyakin nan don aikin kammala karatu.

Ga yadda aikin yake. Ɗalibi zai tsinko ganyen, ya kai reshe guda ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a a tabbatar masa da ainihin itacen, domin suna ɗaya kan hau tsirrai biyu. Kalgo kansa iri biyu ne. Sai ya wanke, ya shanya a inuwa, ya daka a turmi, ya tankaɗe. Garin zai jiƙa a kwalba kwana 2 ko 3, wani kaso cikin ruwa, wani cikin etanol ko metanol, yana girgizawa lokaci-lokaci. Ya tace, ya ƙafar da ruwan, har ya rage wani ɗanko baƙi-baƙi a gindin kwano. Wannan ɗanko shi ne tataccen ganyen da za a gwada.

Daga nan sai faranti. Ƙarami ne mai murfi, an zuba masa abincin bakteriya ya daskare. A shafe fuskarsa da ƙwayar cutar da ake nufi: Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ruɓar miki, ko Escherichia coli ta ciwon mafitsara da wasu nau'o'in gudawa, ko Salmonella Typhi mai haddasa taifot. A huda ƙananan ramuka a ɗiga tataccen ganyen, a rami guda kuma a sa maganin asibiti don a samu abin kwatance. A rufe, a ajiye a akwatin ɗumi a digiri 37, wato zafin jikin mutum, awa 18 zuwa 24. Washegari farantin ya yi hazo, bakteriya ta mamaye ko'ina, sai a kewayen wasu ramukan za a ga da'ira garau inda ta kasa tsirowa. Ɗalibi ya sa rula ya auna faɗinta da milimita.

Gani ya kori ji. Marke da sabara da bagaruwa da gwaiba suna ba da wannan da'ira, kuma an maimaita gwajin a jami'o'i daban-daban an sake gani. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya taɓa tauna asuwakin marke ya san baurin da ke kama baki. Baurin nan na sinadarin tanin ne, wanda ke manne wa furotin ya ɗaure shi. Da shi majeman Kano ke jima tun kaka da kakanni: 'ya'yan bagaruwa da suke dakawa su jiƙa fata a ciki cike suke da tanin, kuma fatar da ta sha jima ba ta ruɓewa. Abin da ya yi wa fatar akuya shi yake yi wa bangon bakteriya da sinadaran da take narkar da abinci da su. Bayan tanin akwai dangin filabonoyid da alkaloyid. Itace ba shi da ƙafar gudu idan ƙwari ko funfuna suka far masa, don haka Allah ya hore masa makamansa a cikin ganye da ɓawo. Akwai kuma wani abu da rahotannin ke yawan nunawa: ganyen ya fi cin ƙarfin ƙwayar maruru a kan ta taifot da danginta, saboda su waɗannan suna da ƙarin rufi a waje wanda ke hana abubuwa da yawa kutsawa.

Ke nan tsohuwarmu ba shaci-faɗi take yi ba. Ina son a riƙe wannan da kyau, domin an daɗe ana yi wa masu ganye kallon jahilai, kuma ba a yi musu adalci ba.

To amma da sauran rina a kaba, kuma tana wajen yawan abin da aka ɗiga a ramin. Maganin siprofuloksasin yana tsayar da bakteriyar da ba ta gagare shi ba da abin da bai kai maikirogiram 1 a kowace mililita ba. Tataccen ganye kuwa sau da yawa da miligiram ake lissafinsa, kuma miligiram 1 daidai yake da maikirogiram 1,000. A 2005 wasu masana biyu daga Sifen, Ríos da Recio, suka duba tarin irin waɗannan rahotanni suka ba da shawarar a daina dogaro da gwajin da ya haura miligiram 1 a mililita, suka ce abin da ya cancanci a bi sawunsa shi ne wanda ya yi aiki ƙasa da maikirogiram 100. Mu yi lissafin da kanmu. A ɗauka ganye na bukatar miligiram 10 a mililita, adadin da ba baƙo ba ne a rahotanninmu. Jinin baligi ya kai lita 5. Ke nan sai giram 50 na tsantsar ɗankon ya kasance cikin jini a lokaci guda. Idan kashi 10 cikin 100 na garin ne ke zama ɗanko, ana maganar rabin kilo na busasshen gari, a kuma ce duka ya ratsa hanji. Alhali tanin da ƙyar yake ratsa hanji, ɗan abin da ya wuce kuma hanta ta sauya masa kama kafin ya je ko'ina.

A nan ne taifot ke yaudarar mutane. Ƙwayarsa ba ta zama a hanji inda jiƙo zai same ta. Takan shiga jini, ta ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar hanta da saifa da ɓargo. Idan aka yi ta jinkiri, wajen mako na uku tana iya huda hanji, kuma likitocin tiyata a asibitocin Arewa sun san irin yaran da ake kawowa ciki ya kumbura ya yi tauri. Da'irar da ganye ya yi a farantin ƙwayar taifot gaskiya ce, amma ba ta ba kowa izinin riƙe mai taifot a gida ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai mota da lasifika a ranar kasuwa ya ɗauki wannan ƙaramin sakamako ya mayar da shi jari. Kwalba ɗaya, in ji shi, tana maganin taifot da basir da sanyi da shawara, "kuma masana a jami'a sun tabbatar." Wani ma ya nuna lambar NAFDAC. Ya kamata mai saye ya sani cewa lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta an duba ba su da guba ta kusa. Ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Gwaji na biyu da ake yawan haɗawa da na faranti shi ne na sinadaran kare tsatsa, waɗanda ake tallatawa da sunan antioksidan. Iskar oksijin da muke shaƙa ita ce ke sa fartanya tsatsa, ta sa man gyaɗa ya canja wari idan ya daɗe. A cikin jiki ma, yayin da ake ƙona abinci, ana samun ɓurɓushin oksijin masu cin duk abin da suka taɓa, kitse ne ko furotin ko ƙwayar gado. Gwajin da aka fi yi ya samo asali daga aikin Marsden Blois a 1958: a sa wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH a kwalbar gwaji, a ɗiga tataccen ganye, idan launin ya koɗe ya koma rawaya an ce ganyen na da ƙarfi, sai a kwatanta shi da bitamin C. Sabara na cin wannan jarrabawa, marke na ci, zogale na ci. Sai dai ganyen shayi ma na ci, zoɓo na ci, kusan duk ganyen da ke wuni a rana na ci, tunda da irin waɗannan sinadarai yake kare kansa daga ƙunar rana. Jarrabawar da kowa ke ci ba ta rarrabe gwani.

Da aka kai maganar jikin mutum kuwa, sai labari ya sha bamban. A Finlan an gwada ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da ke ba karas da manja launinsu, a wani bincike na maza masu shan taba fiye da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a waɗanda suka sha. Wani makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 saboda wannan dalili. A 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, ta ce babu hujjar cewa lambobin kwalba na da alaƙa da abin da ke faruwa a jiki, kuma 'yan kasuwa na amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Jiki na da nasa masu sharar ɓurɓushin nan, kuma ba duka yake son a share ba: da su fararen ƙwayoyin jini ke ƙone bakteriya. A ci kwaɗon zogale, a sha miyar kuka, a ci tafasa da rama, domin abinci ne mai gina jiki. Masu bincike Nina Etkin da Paul Ross, da suka yi aiki a wani ƙauye a ƙasar Kano tun shekarun 1970, sun nuna cewa da yawa daga tsirran maganin Bahaushe suna cikin cimarsa ta yau da kullum. Wannan gado ne mai kyau, kuma bai bukatar a ɗura shi a kafso a sayar mana da tsada.

To ina ganye ya fi alamar amfani? Inda yake taɓa ƙwayar cuta ido da ido: fata, baki, maƙogwaro, cikin hanji. A can babu hanta a tsakani, kuma ruwan dafaffen marke da aka wanke miki da shi yana iya kai ƙarfin da ya kai a faranti. Abin lura ne cewa magungunan tsirrai biyu na farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a sabon tsarinta a nan suke aiki: man shafawa daga ganyen koren shayi a 2006, da maganin gudawa daga ƙaron wani itacen Kudancin Amurka a 2012. Haka kuma yawancin abin da tsohuwar Damari ta lissafa, wanki ne da kurkura da maganin ciki.

Ko a gudawar ma akwai iyaka. Da yawa daga gudawar ƙananan yara ƙwayar rota ce ke kawo ta, wadda bairos ce, shi ya sa Najeriya ta shigar da rigakafinta cikin na yara a Agustan 2022. Baurin sabara ko gwaiba na iya rage yawan fita, amma ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro. Ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, wannan ba shi da madadi. Jariri kuwa hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwari ba. An samu rahotannin jariran da man 'ya'yan darbejiya ya jefa cikin jijjiga a Indiya da Malesiya, da waɗanda lalle ya farfasa wa jini saboda wata larura ta gado da ke da yawa a Afirka. Daurin da babba zai sha ya tashi lafiya, jinjiri ba lalle ya ɗauka ba.

Duk da haka ba za mu ce a bar binciken ba, domin maganin asibiti kansa yana dusashewa. Babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta gagari magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Wanda ya san yadda ake sayen kafso biyu a kemis, a sha yau a bari gobe, ba zai yi mamaki ba. Ana bukatar sababbin makamai, kuma dajinmu wuri ne da ya dace a duba.

Kuskurenmu yana wajen yadda muke dubawa. Ɗalibi na jiƙa gari a metanol, wanda guba ne ba a sha, ya samu kyakkyawar da'ira, ya rubuta, a ba shi maki, malami ya samu takardar ƙarin girma, shi ke nan an rufe babi. Baɗi wani ya sake yin irinsa da ganye ɗaya. Ita kuwa mai tukunya ɗanyen ganye take tafasawa a ruwa, wani lokaci da jar kanwa, wani lokaci haɗe da sassaƙe, kuma babu wanda ya tambaye ta. Labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin ya isa izina. Ta yi ta gwada tazargade a kan zazzaɓin cizon sauro sakamako na hawa da sauka, sai da ta koma wani littafin magani na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa a matse, ba a ambaci dafawa ba. Ta fahimci zafi na iya lalata sinadarin, ta sauya hanya a 1971, aka samu atemisinin, tushen maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Kuma a ce wani abu: atemisinin da ɓurɓushi masu ƙuna yake kashe ƙwayar zazzaɓi, wato kishiyar abin da kwalbar shunayya ke yabo.

A gida ma an taɓa kai irin wannan aiki gaci. A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, kan haɗinsa na ciwon sikila. Tsirrai huɗu ne, uku daga ciki kowane Bahaushe ya san su: masoro, kanumfari da karan dafi. Aka gwada a dabbobi, aka gwada a marasa lafiya 82 ta hanyar da likita da majiyyaci ba su san wa ya sha na gaske ba, aka buga sakamakon a 2001, aka ƙaddamar da maganin a 2006. Daga baya kamfanin da ya karɓi lasisi ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu. Duk da wannan ƙarshe mai ɗaci, an nuna cewa hanya daga hannun mai magani zuwa gadon asibiti tana biyuwa a ƙasar nan.

Abin da nake fata ga marke da kalgo da sabara bai kai wannan tsada ba. Rashin tsaro ya kori tsofaffi da yawa daga ƙauyukan Sabuwa da Faskari zuwa Funtua da garuruwan bakin titi, inda ɗalibi daga Zariya ko Katsina zai iya isa ya dawo a yini. Ya je wurin tsohuwa mai ganye ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, damƙi nawa kike sawa? Ruwa kwano nawa? Har ya yi wane launi kike saukewa? Wa kike hana wa sha?" Ya rubuta, a kuma rubuta haƙƙinta kafin ta buɗe baki, kamar yadda aka yi wa Ogunyale. Ya dafa yadda ta ce, ya gwada wannan ruwan a faranti, a kan bakteriyar da aka ɗebo daga mikin marasa lafiya na yankin. Ɗalibin sashen haɗa magunguna ya duba abin da yake yi wa hanta da ƙodar ɓera idan an daɗe ana ba shi. Idan ya tsallake, likita ya nemi izinin kwamitin ɗa'a ya kwatanta wanke miki da shi da wankewa da ruwan gishiri. Sashe uku ne a jami'a ɗaya, ganye ɗaya, shekaru kaɗan, maimakon ganye ɗari kowanne an tsaya da shi a matakin farko.

Sannan a mayar wa mutane da sakamakon da Hausa, a rediyo da wurin awon ciki da bakin ungozoma: wannan ganye, ga yawansa, ga kwanakinsa, kuma idan an ga jini a bayan gida, ko idon yaro ya faɗa, ko ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3, a nemi asibiti ko ta halin ƙaƙa. A faɗi har da ganyen da aka gwada bai yi komai ba. Irin wannan sakamako ne mujallu ba sa son bugawa, kuma shi ne zai hana uwa ɓata kwana uku tana jiran jiƙo ya yi aiki.